Ɗaura Kwantirolan Bust a Inji Mai Turbo Biyu, a Zafin Katsina da Irin Fetur Ɗinmu

Kwantirolan bust, na'urar da ke daidaita bust, wato matsin iskar da turbo ke tura wa inji, ba ya ƙara wa inji ƙarfi da kansa. Aikinsa ɗaya ne, ya hana wesget buɗewa da wuri. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin, kuma zai gane dalilin da ya sa na'urar da ake ɗaurawa cikin awa biyu take iya cinye fistin cikin daƙiƙa biyar.

Kusan kowane turbo yana da 'yar ƙofa a ɓangaren hayaƙi, ita ce wesget. Idan ta buɗe, wani kaso na hayaƙin sai ya kauce wa farfela ya wuce salansa kai tsaye, gudun turbo ya daina hauhawa. Abin da ke buɗe ta wani ɗan gwangwani ne mai sifirin da tantanin roba a ciki, da sanda da ta fito daga gare shi zuwa hannun ƙofar. Siririn tiyo yana kawo masa iskar da turbo ya matsa. Da zarar matsin ya fi ƙarfin sifirin, sanda ta tura, ƙofa ta buɗe. A yawancin motocin kamfani sifirin ɗin yana sakin jiki tsakanin ba 0.4 zuwa 0.7 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Kwantirola a kan wannan tiyon yake zama: ko ya zubar da wani ɓangare na iskar, ko ya tare ta na ɗan lokaci, gwangwani ya ga matsin bai kai ba alhali ya wuce. Saboda haka ba ya iya saukar da bust ƙasa da ƙarfin sifirin, kuma a aikace da wuya ya riƙe abin da ya haura ninkin sifirin biyu ba tare da rawa ba.

Kafin a fitar da kuɗi, a duba ko motar ma tana karɓar wannan aiki, domin yawancin masu turbo biyu da ke yawo a titunan Katsina ba sa karɓa. Land Cruiser 200 mai dizal, injin 1VD-FTV, turbo ɗinsa masu fukafukai ne da motar lantarki ke juyawa, babu tiyon da za a yanka. Land Cruiser 300 mai fetur ma wesget ɗinsa na lantarki ne. BMW 335i mai injin N54, wadda samari ke so, tana da gwangwani da tiyo kamar sauran, amma tsarinta a juye yake: zuƙar iska ce ke jawo ƙofar ta rufe, in babu zuƙa a buɗe take zama. Ka saka mata kwantirolan da aka yi don matsi, ba abin da zai yi sai ɓata aiki. Irin waɗannan ta birenbos, wato kwamfutar motar, ake bi da su, ko a sake rubuta masa lissafi ko a ɗora masa na'urar da aka ƙera musamman don injin, irin JB4 a kan N54. Audi A6 da Allroad masu 2.7T suna da gwangwanin matsi na gargajiya da solonoyid N75 (bawul mai aiki da lantarki), ana iya sa musu, sai dai birenbos ɗinsu yana kwatanta bust ɗin da ya nema da wanda ya samu, in ya ga bambanci ya yi yawa sai ya kashe wa motar jiki. A ganina su ma gyaran birenbos ya fi musu.

Inda kwantirola ke aiki sosai shi ne injinan Japan na shekarun 1990 da ake samu kwatano: VG30DETT na Nissan 300ZX, RB26DETT na Skyline GT-R, 6G72 na Mitsubishi 3000GT VR-4, 1JZ-GTE na farko kafin a mayar da shi turbo ɗaya a 1996, da 2JZ-GTE na Supra da Aristo. Huɗun farko turbo ɗinsu tare suke aiki, kowanne na cin hayaƙin silinda uku. Na ƙarshen kuwa bi da bi ne, zan dawo kansa.

Sai maganar iri. Akwai na hannu, ƙaramin ƙarfe mai noti da ake murzawa, a ciki ƙwallo ne da sifirin ko kuma rami mai zubar da iska. Akwai na lantarki, mai solonoyid a ƙarƙashin bonet da allo a dashbod, irin su GReddy Profec, HKS EVC, Blitz SBC, A'PEXi AVC-R da Turbosmart e-Boost2. Na hannu ya fi araha kuma yana aiki, amma bai san yanayi ba. Wanda aka saita da azahar a watan Afrilu zai haura abin da aka sa masa da asubar hunturu, domin iska mai sanyi ta fi nauyi. Ba shi kuma da wata kariya idan abu ya ƙwace. Na lantarki yana da iyakar da in an haura ta zai saki wesget da kansa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ƙarin kuɗin.

Kayan da za a tanada ban da kwantirolan: tiyon silikon mai faɗin ciki milimita 6 kamar mita biyu don gwangwanaye, na milimita 4 kamar mita biyu don geji da sensa, mahaɗa mai baki uku ta tagulla ko alminiyom, ƙananan kilif na kowane baki, marufan roba na toshe bakin da aka bari, fiyus na amfiya 5, gejin bust mai zaman kansa, da gejin waidban mai nuna yawan iska kan fetur. Mahaɗar roba kada ta shigo wannan lissafi. Zafin da ke kusa da manifol ɗin hayaƙi yana busar da ita, wata rana ta tsage, kuma tiyon wesget in ya fita bust ba ya sauka, hawa yake yi har inda turbo ya iya kaiwa.

Ba a taɓa tiyo ko ɗaya sai an tabbatar injin lafiyarsa lau. A gwada kwamfireshan, silindoji su kasance kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. A gwada yoyon iska: a toshe bakin turbo duka biyu, a buɗe murfin baƙin mai, a tura iska ba 0.7 zuwa 1 ta hanyar regileta, a bi kowace mahaɗa da ruwan omo ana duban kumfa. Kada a haɗa kwamfiresan mai faci kai tsaye, tankinsa yana riƙe ninkin wannan sau da yawa, zai fasa abin da ba a yi niyya ba. Yoyo yana sa turbo ya yi ta gudu fiye da kima don cike abin da ke zuba, ga geji kuma yana nuna komai daidai.

Daga nan sai abin da ya raba turbo biyu da turbo ɗaya, wanda shi ne mafi yawan gareji ke tsallakewa. Gwangwanayen nan biyu dole su buɗe a matsi ɗaya. A samu famfon hannu mai geji, a haɗa shi da gwangwani na farko, a riƙa matsawa a hankali ana kallon sanda, a rubuta matsin da ta fara motsi da wanda ta kai ƙarshe. A maimaita a na biyu. Idan bambancin ya haura ba 0.05, a gyara. Wanda sandarsa ke da zare, ana rage tsawonta ta ƙara tauri, a ƙara tsawonta ta yi laushi. Ma'aunin da aka saba: idan aka cire kilif aka zare sandar daga hannun ƙofa, ya kasance sai an ja ta milimita 2 zuwa 3, kusan rabin ramin, kafin ta koma kan fil ɗinta. A kuma bar matsin a ciki na minti ɗaya. In allura na sauka, tantanin ya huje, sai sabon gwangwani. Injin da ya haura shekara 25 ba abin mamaki ba ne a samu ɗaya ya gaji ɗaya da sauransa.

Me zai faru in an bar su a karkace? Wanda ƙofarsa ke buɗewa a makare shi ke ɗaukar kayan duka, kamar shanun huɗa da ɗaya ya fi ɗaya ja. Gejin da ke dashbod jimillar su biyu yake nunawa, ba zai gaya maka ɗaya yana gudun da ya fi ƙarfinsa ba. Silinda ukun da ke bayansa suna fama da hayaƙin da ya ƙi fita da sauri, zafinsu ya fi na sauran. A RB26 har ana jin su suna tura wa juna iska, wani sauti mai kama da shaƙuwa idan an ɗan taka totur. Ƙarshen abin, turbo ɗaya ya fara hayaƙi ko ya yi wasa a shaf, a ce ai dama kwatano ne.

Saboda wannan dalilin ne ake amfani da kwantirola ɗaya tak. Masu sa na hannu guda biyu, kowane turbo da nasa, suna neman wahala, domin babu hannun da zai murza noti biyu su zo daidai a kowane gudu. Tsarin shi ne: tiyo ɗaya daga wurin ɗaukar matsi zuwa solonoyid, tiyo ɗaya daga solonoyid zuwa mahaɗa mai baki uku, sannan reshe biyu zuwa gwangwanaye. Rassan nan biyu a yanka su tsawo ɗaya da faɗi ɗaya, ko da ɗaya gwangwanin yana kusa. Gara a naɗe ragowar a ɗaure da a gajarta. Gaba ɗaya kuma a taƙaita tsawon iya yadda wuri ya bari, don duk tsawon tiyo jinkiri ne, jinkirin nan ne ke zama tsallen bust.

Wurin ɗaukar matsi na gwangwanaye ya kasance kafin totur: ko bakin da ke jikin kwamfiresan turbo, ko bututun da iskar turbo biyun ta haɗu a ciki. Na fi son na biyun, tunda yana wakiltar su duka. In an ɗauka daga turbo ɗaya, a toshe bakin ɗayan da marufi da kilif. Sensan kwantirola da geji kuwa bayan totur suke ɗauka, daga manifol ɗin iska, domin abin da injin ke shaƙa ke nan. Wasu takardun kamfani suna cewa a raba tiyon regiletan fetur a ɗauka daga nan. Yana aiki, amma in akwai wani bakin a manifol gara shi. Tiyon regileta in ya zame ana cikin bust, matsin fetur ba zai bi na iska ba, inji ya shiga ƙishirwa a daidai lokacin da ya fi buƙatar mai.

Solonoyid yana da baki uku. A na GReddy da makamantansa an rubuta NO, COM da NC: matsi daga turbo ya shiga NO, COM ya tafi mahaɗar gwangwanaye, NC a bar shi a buɗe yana zubarwa. A na MAC, wanda kamfanoni da yawa ke amfani da shi, lamba 3 ce ta turbo, 2 ta gwangwani, 1 ta zubarwa. Ko me aka rubuta, a yi gwajin baki kafin a ɗaura: ba wuta a jikinsa, a hura ta bakin turbo, iska ta fito ta bakin gwangwani. Ma'anarsa, ranar da fiyus ya ƙone ko waya ta tsinke motar za ta koma kan sifirin, ƙarfi ya ragu, shi ke nan. In an juya su, ranar da wuta ta ɗauke gwangwani ba zai ga matsi ba sam.

A ɗaure shi nesa da manifol ɗin hayaƙi, a kan roba don rage girgiza, bakin zubarwa yana kallon ƙasa da 'yar matatarsa a jiki. A nan garin wannan matatar ba ado ba ce. Ƙurar Disamba da Janairu tana shiga ko'ina, in ta haɗu da tururin baƙin mai da ke cikin tiyo sai ta zama laka ta riƙe bawul. Solonoyid ɗin kamfani a cire masa tiyo a toshe, amma a bar soket ɗinsa a jone don kada birenbos ya kunna fitilar cek. Tsofaffin tiyon kuma a zubar da su gaba ɗaya. A Nissan da Subaru akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai siririn rami da kamfani ke cusawa cikin tiyon, in ya saura a layin zai jinkirta iska, kwantirola ya yi ta kai da kawowa. Mai amfani da na hannu ya kula da kibiyar da ke jikinsa, kuma ɗan ramin da ke ɓangaren gwangwani ba lahani ba ne, shi ke sakin iskar da ta maƙale, kada a like shi.

Aikin rewaya kaɗan ne. Jar waya zuwa wutar da ke zuwa idan an murza makulli, ta bi ta fiyus, baƙa zuwa jikin mota a wurin da aka kankare fenti. Inda waya da tiyo za su ratsa bango zuwa cikin mota a sa musu zoben roba. A yi solda, kada a murɗa a naɗe da tef.

2JZ-GTE da sauran masu bi da bi, irin Legacy B4 da RX-7 na ƙarshe, labarinsu daban. A 2JZ turbo na farko ke aiki shi kaɗai a ƙasa, wajen juyi 3,500 a fara zuga na biyu, wajen 4,000 su haɗu. Wesget ɗaya ne, sauran gwangwanayen da ake gani na bawulolin da ke shigo da turbo na biyu ne. Kwantirola a kan wesget kaɗai yake hawa. Gwangwaninsa baki biyu gare shi, ɗaya na shigar matsi, ɗaya na zuwa solonoyid ɗin kamfani, wannan na biyun ake toshewa. Sauran tiyon kada a taɓa su, kuma a ɗauki hotonsu da waya kafin a fara. Tsallen bust a wannan injin a daidai wurin haɗuwar nan yake zuwa, can za a sa ido.

To nawa za a ƙara? Nan ne Katsina ke da tata maganar. Garin yana kan tudu kimanin mita 500, matsin iskar waje kusan ba 0.95. A ɗauki ranar da zafi ya kai digiri 40, da turbo mai ingancin kashi 70 cikin ɗari. A bust 0.7 iskar da ke fita daga turbo tana kusan digiri 115. A bust 1.0 tana kusan 140. Intakula kuma da iskar waje mai digiri 40 zai sanyaya ta, ba zai taɓa sauke ta ƙasa da haka ba, in ma ƙura da ƙwari ba su toshe shi ba. Ga fetur: injinan nan an ƙera su ne don mai mai oktan 98 zuwa 100 da ake sayarwa a Japan, mu kuwa iri ɗaya ne a famfo kuma bai kai can ba, balle na galan a hannun 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya ba. Iska mai zafi da fetur mai ƙarancin oktan su ke sa mai ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso, ya bugi kan fistin, ya karya gefen da ringi ke zama. Adadin da ka gani wani ya sa a Ingila da sanyinsu da mansu ba naka ba ne.

Ra'ayina, inji da birenbos na kamfani a kan man gidan mai, kada a haura ba 0.15 zuwa 0.2 a kan abin da motar ta zo da shi. RB26 da 1JZ na farko da 2JZ na kasuwar Japan suna da ƙarin iyaka: farfelar hayaƙinsu ta tangaran ce, kuma an san ta da ɓallewa daga shaf idan aka zauna sama da ba 1.0. A kula da ma'auni kuma, ba 1 daidai yake da psi 14.5 ko kPa 100, na'urorin Japan wasu da kg/cm² suke nunawa, wanda ya yi kusa da ba. An sha rikita ba 1.2 da psi 12.

Saiti da kwantirola a kashe ake farawa. A giya ta uku, daga juyi 2,500, a taka totur har ƙasa zuwa kusa da jan layi, a rubuta abin da geji ya nuna. Wannan shi ne bust ɗin sifirin. In ya wuce abin da famfon hannu ya nuna da nisa, ko yana ta hawa, a tsaya, akwai tiyon da ba daidai ba. Sannan a sa iyakar kariya ba 0.1 sama da inda ake son zuwa, tun kafin a taɓa komai. GAIN, saitin yadda na'urar ke riƙe bust, a bar shi a ƙasa, SET kuma, saitin yawan bust, a fara daga kashi 10 zuwa 20, a riƙa ƙara 5 a kowane zagaye, in an kusa a koma 2. Idan an kai, sai a ɗaga GAIN kaɗan kaɗan har bust ya daina zubewa a saman juyi. Wurin da ake gaya wa solonoyid ya fara aiki a sa shi ba 0.2 zuwa 0.3 ƙasa da abin da ake nema. A ƙarshe a gwada a giya ta huɗu, domin nauyi ya fi yawa can kuma bust yakan ɗan fi.

Mutum biyu ke wannan aiki, direba idonsa a titi, na gefe idonsa a geji. Giya ta uku har jan layi ta wuce kilomita 100 da doka ta yarda a babbar hanya, kuma hanyar Daura ko ta Kano ba fili ba ce, akwai ƙauyuka da shanu da masu babur. In da hali a kai motar kan dayino, na'urar da ake gwada ƙarfin mota a kanta tana wuri ɗaya. Waidban ya zauna tsakanin 11.0 da 11.8 a cikakken bust. In ya taɓa 12.5 a ɗaga ƙafa nan take, ko famfon mai ya gaza ko nozul sun kai ƙarshensu, kuma nozul bai kamata su wuce kashi 85 na lokacin buɗewarsu ba. Ƙarar inji mai kama da ta tsakuwa a cikin kwano ita ce fashewar da na ambata, ba a sake gwadawa a ji ko za ta daina, ragewa ake yi. A yi saitin da rana tsaka, sannan a sake dubawa da sanyin safiya.

Matsalolin da ke biyo baya kowacce da alamarta. Bust ya yi tsalle ya dawo: tiyo ya yi tsawo, ko GAIN ya yi yawa, ko an sa solonoyid ya fara a makare. Allura na rawa sama da ƙasa: GAIN ne, ko gwangwanaye ba su daidaita ba. Bust na ta hawa a hankali yayin da juyi ke ƙaruwa ko da kwantirola a kashe: ramin wesget ya yi wa hayaƙin kaɗan, yawanci bayan an sa babbar salansa an cire katalis, kuma babu saitin da zai magance shi sai an faɗaɗa ramin. Bust na zubewa a sama ko an ƙara SET: ƙananan turbo sun kai iyakarsu, ƙarin da za a yi zafi kawai zai haifar. Mota ta yi kamar ta ci karo da bango: birenbos ne ya yanke mai don ya ga matsi ya wuce. Akwai 'yar na'urar da ake sayarwa don rufe masa ido, ban ba kowa shawarar ta ba, tunda lissafin mai da wuta na birenbos bai san abin da ke bayan wannan iyakar ba. In kuwa tana tari a cikin bust, fulogi ne: a sauka mataki ɗaya zuwa mai sanyi, misali daga NGK lamba 6 zuwa 7, a matse tazarar zuwa milimita 0.7.

Bayan mako guda a buɗe bonet a ja kowane tiyo da hannu, a duba inda ya goga ƙarfe ko ya kusanci zafi. A wanke intakula da lagireto daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, a duba iyakilina akai akai in hunturu ya shigo, a rage tazarar canjin baƙin mai, kuma bayan gudu a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin a kashe. Sai a kwance fulogi duka shida a jera su yadda suke a inji. Ukun turbo na farko da ukun na biyu su zama launi ɗaya. In ɓangare ɗaya ya fi fari, a koma kan famfon hannu da gwangwanaye. In an ga ɗige ɗige baƙaƙe kamar barkono ko masu ƙyalli a kan farin tangaran ɗin, fashewa ce ke faruwa ko da kunne bai ji ba, a sauke bust da ba 0.1 a sake dubawa.